Gaɓa ta Bakwai

Shekara tara Shiru ya yi yana tsayawa a hagun Gwaggo, taku biyu a bayanta, da gitar bes rataye a kafaɗarsa, kuma a duk tsawon shekarun nan babu mahalukin da ya taɓa tambayarsa wace irin gita yake kaɗawa. Mai bes haka yake. Tsirkiyarsa huɗu ne masu kauri, muryarsa tana can ƙasa inda ƙirji ke ji kafin kunne, ba a kuma tunawa da shi sai ranar da bai zo ba. Wannan bai taɓa damun Shiru ba. Dama shi mutum ne da magana ke yi wa nauyi, shi ya sa 'yan ƙungiya suka laƙaba masa sunan tun makonsa na farko, sunan ya bi shi har gida, har bakin matarsa.

Gwaggo kuwa mawaƙiya ce, ta doshi saba'in, kowa Gwaggo yake ce mata har waɗanda suka girme ta. Muryarta ta fara sakin jiki ta gefe-gefe kamar tsohon mayafi mai tsada, amma tsakiyarta na nan daram. Ita da bakinta ta ce faifan da za su ɗauka shi ne na ƙarshe, waƙa goma, daga nan ta ajiye. Shiru ya bi ta ɗakunan taro da filaye ba adadi, ruwa ya dake su tare, wuta ta ɗauke musu tare, amma duk abin da suka kaɗa iska ta tafi da shi. Wannan ne kaɗai zai tsaya. Bai gaya wa kowa ba, amma tun da ya fara kiɗa bai taɓa son wani abu kamar yadda yake son ya kasance a cikin faifan nan ba.

Ranar Litinin da hantsi suka hau situdiyo. Yana hawa na biyu ne, saman wani shagon tayoyi, an lulluɓe bangonsa da soso mai tudu-tudu ruwan toka, ga wata babbar taga ta gilashi ta raba ɗakin makaɗa da ɗakin ɗauka. Mai wurin, wanda ake kira Injiniya, siririn mutum ne mai tabarau rataye da igiya a wuya. Ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya, kunnensa ba ya yafiya, bakinsa kuma ba ya rufa wa kunnensa asiri.

Shiru ya buɗe akwatin gitarsa. 'Yar ƙarama ce mai ƙugu, launin zuma a tsakiya, baƙi-baƙi ta gefe, da tsaga biyu a cikinta kamar gira, marar nauyi don akwai kogo a cikinta. Inda hannunsa ke hutawa fentin ya cinye har ya yi santsi.

Injiniya ya ɗora tabarau a hanci. "Wannan ce za ta shiga faifan?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

Ya miƙo yatsa ya ƙwanƙwasa cikinta. Ta ce tak, ta yi shiru. Ya nufi wata kabad a lungu, ya zaro akwati mai makulli biyu, ya buɗe. Shiru ya leƙa. Kamar an ɗauko gitarsa an mayar da ita gidan iyayenta: ƙugu ɗaya, tsaga ɗaya, launi ɗaya. Ta asali ce, wadda ya sha gani a hoto, wadda aka kalla aka ƙera tasa. Injiniya ya ƙwanƙwasa ta ita ma. Sai ta amsa, amsa mai zurfi, kamar an buga ƙofar ɗakin da ba kaya a ciki.

Duk da haka ya yi masa adalci. Ya ce a ɗauki rabin waƙa da gitar Shiru, aka ɗauka, ya mayar musu a manyan lasifika. A ƙarƙashin kiɗan akwai wani gunaguni siriri kamar na firji, kuma akwai wani sauti ɗaya da yake mutuwa tun bai gama fita ba.

"Ka ji?" in ji Injiniya. "A dandali, cikin tafi da hayaniya, ba mai jin wannan. A nan kuwa ko sauro ya yi atishawa sai na ɗauka. Ba zan sa jabu a faifan Gwaggo na ƙarshe ba. Ga tawa, ka kaɗa. In ba ta karɓe ka ba, akwai wanda nake ɗauka haya, Mai Zobe, ya saba da ita."

Shiru ya goge hannu a wando ya karɓa. Sautin farko da ya taɓa, sai da idanunsa suka ciko. Bai san katako zai iya numfashi haka ba. Sautin ya fito a zagaye, da ɗumi, ya cika ɗakin ba tare da ya ture kowa ba, ya tafi a hankali kamar baƙon da aka raka har bakin titi. Ya bi layin waƙar yana jin kamar an ɗauke masa wani kaya da bai san yana ɗauke da shi ba. Sai ya iso gaɓa ta bakwai a kan siririyar tsirkiya, wato layin ƙarfe na bakwai a wuyan gitar. Sautin ya yi tsalle kamar an taka kare, allurar na'urar Injiniya ta buga ja. Ya haura sama, sai ga sautukan sun karkace, sun ɗan zarce inda ya kamata su tsaya. Mai fiyano ya sunkuyar da kai. Mai ganga ya shiga gyaran abin da bai lalace ba.

Sau uku ana maimaitawa, sau uku abu ɗaya. Injiniya ya sauke tabarau ya bar shi yana lilo.

Gwaggo, wadda take zaune tana juya zuma a ruwan ɗumi, ta ɗago kai. "Ka ba shi aronta zuwa Juma'a."

"Gwaggo, ko matata ba ta taɓa ɗaukar gitar nan ba."

"Matarka kiɗa take yi? Ba shi." Ta juyo wajen Shiru, muryarta ta sauko. "Ɗana, ba zan yaudare ka ba. Ba ni da wani faifan bayan wannan. Juma'a ƙarfe goma. In ta karɓe ka, kai ne. In ba ta karɓe ka ba, kada ka riƙe ni a zuci."

"Ba zan riƙe ba, Gwaggo."

Daga nan bai zame ko'ina ba sai shagon Kawu, akwati a dama, akwati a hagu. Kawu yayan mahaifiyarsa ne. Kafinta ne a da, mai ƙera ƙofofi da kujeru, har ranar da wani ya kawo masa gita mai karyayyen wuya ya ɗora ta, daga nan bai sake waiwayar ƙofa ba. Shagon ɗan tsukuku ne mai warin gam da garin katako, gitoci marasa lafiya rataye a bango kamar layin asibiti. Shi ne ya samo wa Shiru gitarsa tun yana saurayi, shi ya goge mata bakin ƙarafan wuya da suke yankar yatsa, shi ya sauya mata kunnuwan ɗaure tsirkiya da suke zamewa. Marar lafiyata yake ce mata.

Da ya ga abin da ke cikin akwati na biyu, Kawu bai taɓa ba. Sai da ya je bayan shago ya wanke hannu da sabulu, ya shimfiɗa bargo a kan benci, sannan ya kwantar da su biyun kafaɗa da kafaɗa. Ya ɗauko tocila da wani ɗan madubi mai dogon hannu irin na likitan haƙori, ya zura ta tsagar cikin ta asalin. Ya daɗe yana kallo. Har wani ɗan murmushi yake yi shi kaɗai.

"Zo ka gani, ɗan ƙanwata. Ka ga fuskar nan? Itace ɗaya ne, da hannu aka sassaƙe shi. Tsakiya da kauri, yana zuwa gefe yana sirancewa, don ya riƙa rawa. Dubi ciki, babu komai sai iska da 'yan sanduna biyu. Dubi gam ɗin, ko ɗigo bai zuba ba, a wurin da ya san ba mai leƙawa. Wanda ya yi wannan, ko waye shi, yana jin kunyar kansa." Ya shafa fentin da bayan yatsa. "Fenti kamar fatar albasa. Katakon yana shan iska."

Ya mayar da madubin cikin ta Shiru. "Marar lafiyata kuwa, falle-fallen katako ne aka manna aka danne da inji, irin na bayan kabad. Ga wani gungume a tsakiyarta kamar ginshiƙi, shi ya sa ka ƙwanƙwasa ba ta amsawa. Fenti kuma kamar na mota."

"Injiniya ya ce jabu ce."

Kawu ya ajiye tocila. "Injiniya ya san na'ura, bai san magana ba. Jabu ita ce wadda ta saci sunan wani. Wannan sunan masu ita ne a goshinta. Kwaikwayo ce, ba ta kuma ɓoye ba. Kuɗin waccan zai sayi irin wannan goma sha wani abu, amma kada ka raina waɗanda suka yi ta. An ce musu su yi gitar da mai ƙaramin albashi zai iya ɗauka ya kai gida, suka yi, wuyanta kuma shekara goma sha biyu bai lanƙwashe ba. Ba su ci amanarka ba. Ba don su ba, da yanzu kana can kana kallon hoto."

"To me ya sa waccan ta ƙi ni, Kawu? Ta fi kyau ta ko'ina. Na ji da kunnena."

"Kaɗa min. Wannan tukuna, sannan waccan. Layi ɗaya."

Shiru ya kaɗa. Kawu bai saurara ba ma, ya tsuguna ne ya zuba wa hannayensa ido kamar mai gadin tukunya. Ya ce sake. Ya sake. Ya ce sake, a hankali. A karo na huɗu ya miƙe yana dafa gwiwa, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ba ita ta ƙi ka ba. Marar lafiyata tana da mataccen wuri a gaɓa ta bakwai, ka sani, na sani. Sautin ba ya daɗewa a nan. Me kake yi in ka iso?"

"Ba na yin komai."

"Kana fizgar tsirkiyar da ƙarfi ninki biyu, don ta rayu. Daga gaɓa ta tara zuwa sama kuma sautinta yana ɗan gazawa, sai ka riƙa tura tsirkiyar gefe da yatsan hagu kana cika mata. Shekara goma sha biyu kana yi har ka manta kana yi. Yanzu an ba ka mai lafiya, hannunka yana ba ta maganin cutar da ba ta da ita. Ka tuna matakalar tsohon gidanku, mai taki ɗaya gajere? Da kuka tashi, wata nawa uwarka ta yi tana tuntuɓe a matakalar da ba ta da laifi?"

Shiru ya kalli hannayensa kamar na aro.

"Gyaran wannan ba a shagona yake ba," in ji Kawu, yana rufe akwatin a hankali. "Ni katako nake gyarawa. Tafi gida."

Gidan ɗaki biyu ne a hawa na uku, taga tana kallon tankunan ruwan maƙwabta. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, shi ma Sista yake ce mata kamar majinyatanta, tun suna zance. Makon nan aikin safe take yi. Ta dawo wajen ƙarfe uku ta tarar da shi a bakin gado, gumi ya jiƙa masa riga, baƙuwar gita a cinyarsa, tasa kuma a jingine a lungu ya juya fuskarta bango.

"Malam Shiru, wannan kuma laifin me ta yi aka sa ta kallon bango?"

"Ba na son tana kallona."

Sista ta cire takalmi, ta je ta juyo da ita. "Ka ji min mutum. Gitar da ka zo da ita ƙofar ɗakin kwananmu na makaranta, ba lasifika ba komai, kana kaɗa abin da ba mai ji sai wanda ya manna kunne a jikinta? Don in matso ka yi haka, na gane tun ranar, na ƙyale ka. Ita ta yi maka baki lokacin da naka ya ƙi buɗuwa. Bar ta ta kalla."

Ya ba ta labari duka, a guntu-guntu yadda ya saba, ita kuma tana cike guraben. Matsalar, in ji shi, ita ce ba ya jin lokacin da hannun ke yin abin. Kafin ya ankara an riga an fizga.

Sai ta jawo kujera ta zauna a damansa, ta ɗora yatsu biyu a damtsensa ƙasa da gwiwar hannu, yadda take duba bugun jinin majinyaci. "Kaɗa."

Ya fara. Yana kusantar gaɓa ta bakwai, tun saura sauti biyu, ta ce, "Ga shi nan."

"Ban iso ba tukuna."

"Kai ba ka iso ba, naman hannunka ya riga ka. Ya ɗaure kamar wanda ya ga allura. Sake."

Haka suka yi Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Da safe shi kaɗai, yana tafiya a hankali kamar mai koyon tafiya bayan karaya. Da rana ita da yatsunta, "ga shi nan, ga shi nan," har maƙwabciyarsu ta leƙo ta tambaya ko ɓera suke nema. Wani lokacin ya tsaya ya kalle ta, gajiyar asibiti a idanunta, gashinta ya kubce daga ɗankwali, ta haɗe gira tana sauraren hannunsa da dukkan zuciyarta, sai ya ji ƙirjinsa ya yi masa kaɗan. Yana son ya gaya mata abin da ke ransa. Sai ya kaɗa mata wani abu mai laushi a madadin haka, ita kuma ta ce, "Na ji. Koma bakin aiki."

Kuma a kwanakin nan ya kamu da son baƙuwar, son da babu haɗama a cikinsa, irin wanda mutum ke yi wa abin da ya san zai mayar. Duk abin da ya ba ta, shi take mayar masa, ba ragi ba ƙari. In ya taɓa ta a hankali ta yi raɗa. In ya yi ƙarya ta faɗa. Da yammacin Alhamis ya bi waƙa goma daga farko har ƙarshe, Sista ba ta ce uffan ba. Ta janye yatsunta ta ce, "An sallame ka."

Juma'a ƙarfe goma saura kwata yana situdiyo. Injiniya ya karɓi gitarsa ya duba ta gaba da baya, har da shinshinawa, sannan ya mayar masa. Wayarsa tana kan teburin na'ura, kusa da hannunsa, kowa kuma ya san lambar Mai Zobe ce a sama.

Gwaggo ta shiga ɗan akurkin mawaƙa, wani ɗaki mai ƙofa biyu da ba a ganin makaɗa daga cikinsa, ta sa abin ji a kunne. Ta ce a fara da waƙar mahaifiyarta. Wannan waƙa tana da wani wuri a tsakiya inda kowa ke tsayawa, ganga, fiyano, har ita kanta, a bar bes kaɗai ta taka sauti huɗu a hankali, ba ƙidaya, sai yadda zuciya ta ba mai kaɗawa a ranar. A kan na huɗun Gwaggo ke shigowa da baitin da ke sa mutane neman hankici. Na huɗun nan kuwa a gaɓa ta bakwai yake.

Aka fara. Shiru ya ji kansa a kunnensa kamar wani ne daban, wani da ya fi shi. Ta cikin gilashi ya ga Injiniya ya rufe ido, kansa yana ɗan gyaɗawa. Aka iso wurin tsayawa. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya saki damtsensa, ya taɓa na huɗu. Ya fito sumul, ya buɗe kamar fure.

Gwaggo ba ta shigo ba.

Sai da sautin ya kusa ƙarewa ta faɗo a makare, ta tsaya. "Yi haƙuri, Injiniya. A sake."

Aka sake. Ta sake makara. Karo na uku ta yi gaggawa, ta shigo tun a na uku, ta yi tsaki. A shekara tara Shiru bai taɓa ganin ta kuskure wurin nan ba, ko ranar da take zazzaɓi.

Injiniya ya danna maɓallin magana. "Bes ɗin ba laifi, gaskiya. Tsaf yake. Ko dai ku biyun ne ba ku haɗu ba yau." Hannunsa ya matsa kusa da wayar. "Gwaggo, muryarki ba ta son yawan maimaici. In gwada wani hannun ne?"

Ƙofar akurkin ta buɗe, ta farko, ta biyu. Gwaggo ta fito da abin ji rataye a wuya, ta tako har gaban Shiru.

"Ɗana, me na yi maka?"

"Ni, Gwaggo?"

"Ka daina kirana. Kullum in muka iso nan ina rufe ido, ina jiranka. Sai in ji ka ƙwanƙwasa min, ƙas, kamar ƙofa, sai in shiga. Yau ina tsaye a bakin ƙofa ba wanda ya ƙwanƙwasa."

Mai ganga ya dubi mai fiyano. Shiru kuwa nan take ya gane. Fizgar nan da yake yi don ya raya mataccen wuri, ita ke sa tsirkiya ta daki ƙarfen wuya ta ba da 'yar ƙara kafin sautin ya fito. Shi bai taɓa jin ta a matsayin komai ba. Ita kuma shekara tara a kanta take taka ƙafa, ba ta san laifin katako ba ne. Kwana huɗu shi da Sista suka yi suna cire abin da tsohuwar nan take dogara da shi.

"Gitata ce, Gwaggo," ya ce a hankali. "Ciwo ne da ita a wurin. Ni kuma ina fizga."

"Ciwo ne ko lafiya ce, ni dai a ba ni abina."

"In ya fizgi wannan haka, allurata za ta buga ja," in ji Injiniya. "Mun gani ranar Litinin. Waccan kuma gunaguninta ba zai shiga faifan nan ba. Na faɗa."

Magana ba ta taɓa yi wa Shiru sauƙi ba, amma ya buɗe baki.

"A ba ni minti biyar."

Ya juya musu baya, ya fuskanci soson bango. Ƙarar yake so, ba ƙarfin ba. A tsohuwar gitarsa su biyun a haɗe suke zuwa kamar tagwaye, bai taɓa tunanin za a iya raba su ba. Ya gwada fizga rabi: ba ƙara, sautin kuma ya kumbura. Ya gwada da farce: ta yi kaifi kamar an karya tsinke. Ya matsar da hannu kusa da wuya inda tsirkiya ta fi laushi, ya sa yatsa a ƙarƙashinta maimakon gefenta, ya ɗaga ta sama kaɗan, kaurin ƙwayar shinkafa, ya saki. Ta koma ta sumbaci ƙarfen. Ƙas. Bayanta sautin ya biyo a natse, a zagaye, cikin katakon nan mai numfashi ya karɓe shi ya riƙe.

Ya sake yi sau biyar don hannunsa ya haddace. Wannan karon ya san yana yi.

"A ɗauka," ya ce.

Gwaggo ta kalle shi, ta koma akurkinta ta ja ƙofofi. Ganga ta ƙirga. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya wuce, kowa ya tsaya. Ɗaya. Biyu. Shiru ya ja na uku ya ɗan daɗe, don ya ji a jikinsa tana jan numfashi a bayan bango. Sannan ya ƙwanƙwasa.

Ta shigo. Ta shigo kamar wadda aka buɗe wa ƙofar gidan da ta girma a ciki, muryar nan mai tsufa ta miƙe tsaye a kan sautinsa, shi kuma ya tallafe ta daga ƙasa har ƙarshen baitin. Bai san hawaye na zuba masa ba sai da ɗigo ɗaya ya nufi fentin gitar mutane, ya yi sauri ya tare shi da hannun riga.

Waƙar ta ƙare. Injiniya ya mayar da wurin, ya saurara. Ya sake mayarwa. Ya ɗaga bes ita kaɗai ya sake ji, tabarau a hannu.

"Akwai 'yar ƙara a nan," ya ce a maɓallin magana. "Zan iya goge ta bayan an gama."

"Ka goge ta," in ji muryar Gwaggo daga akurki, "ni kuma in goge ka."

Mai ganga ya tuntsire da dariya. Injiniya ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya sake saurara karo na huɗu, ya daɗe, sannan ya ɗauki wayarsa ya jefa ta cikin aljihun tebur ya tura.

"Shekara ashirin gitar nan tana hannuna," ya ce, "ban san tana yin wannan ba. Malam, wa ya koya maka?"

Shiru ya shafa wuyan gitar. "Wata ce a gida."

"Sista?" in ji Gwaggo.

"Har da ita. Da tsohuwar gitata."

"To in an tashi ka gaishe su duka. Injiniya, ruwana ya huce, a ƙaro min mai ɗumi. Waƙa ta biyu."

Shiru ya gyara zaman igiyar a kafaɗarsa, ya goge yatsunsa a wando, ya ɗaga wa mai ganga kai.